Bikon Ɗantala da Murfin Sarƙa

A unguwar Shamaki babu wanda ya naɗa Ɗantala injiniya. Shi ya naɗa kansa, ya samo fallen kwano ya sa aka rubuta INJINIYA ƊANTALA da jan fenti, ya kafa a saman ƙofar shagonsa, alhali abin da ke cikin shagon bokitan roba ne da butoci. Iyakar abin da ya taɓa haɗa shi da ƙarfe shi ne, yana saurayi a Kano ya yi mako uku yana gadin wani gareji kafin a sallame shi. Amma in ya miƙe ƙafa a majalisa ya soma ba da labarin makonnin nan uku, sai ka rantse shi ya koya wa jirgin ƙasa tafiya.

Yana da wata jakar buhu da ba ya rabuwa da ita. A ciki akwai sifana uku waɗanda har yau ba a haifi notin da ya yi daidai da su ba, da filaya, da guduma, da almakashin yankan kwano, da ƙullin waya. Maƙwabta in sun hango shi da jakar nan, kowa sai ya kawar da abin da yake so. Mai rediyo ya kashe ya tura ƙarƙashin riga, mai babur ya shigar da shi zaure ya ja ƙofa.

Wadda ba ta da wurin ɓoye kayanta ita ce matarsa Suwaibatu. Shekara bakwai tana haƙuri. Ya gyara mata fanka, ta koma sai an tura ta da muciya take juyawa. Ya gyara ƙofar ɗaki, ta koma sai an fita ta taga. Duk ta shanye. Sai ranar da ya tsaya gaban firjin da take sanyaya zoɓo da kunun aya na sayarwa, ya kara kunne ya ce, "Uwargida, abin nan yana wani gurnani da ban yarda da shi ba." Washegari zoɓo ya fito da ɗumi, ka ce shayi ne. Suwaibatu ta miƙe. Ta yafa mayafi, ta tare Keke Napep, sai gidan mahaifinta a Barunde.

"Yaji? Ni za a yi wa yaji?" in ji Ɗantala a majalisa. "Hutu na ba ta. Ma'aikaci ma ai yana zuwa hutu."

Ƙarya yake. Kwana tara ya yi yana jiƙa garin kwaki, wuyansa ya yi tsawo, in ya shiga gida shirun ya dame shi. Ɗantala yana son matarsa, wannan kaɗai ne a duk zancensa babu ƙari a ciki. Ran Talata ya wanke kaftani ya tafi biko.

To, gidan da ya nufa sai an yi bayani. Surukinsa Baffa Bamanga Bafulatani ne na ƙin ƙarawa, kunyarsa har ta yi yawa. Suwaibatu 'yar farinsa ce, don haka tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Mijinta kuwa ba a magana. Shekara bakwai bai haɗa ido da Ɗantala ba, bai kuma taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In ya zo gaisuwa, dogonyaron ƙofar gida Baffa yake kallo ya amsa. Matarsa Inna Asta da ta ji sallamar suruki sai ta faɗa ɗaki. Duk abin da za a faɗa wa Ɗantala a gidan nan, ta bakin mutum ɗaya yake fitowa, wato ƙanen Baffa, Yuguda dillalin shanu, wanda kasuwa ta buɗe masa baki.

Yuguda ya tarbe shi a zaure, ya ce, "Ɗantala, maganar firjin nan ta ɓata wa kowa rai. Yanzu haka ruga zan wuce duba shanu, sai Juma'a zan dawo. In an sauko masallaci ka zo, dattawa za su zauna. In ta yarda ka tafi da matarka. In ta ƙi, to, babu mai yi mata dole."

"Za ta yarda, Baffa Yuguda. Ni fa ne."

"Ai shi ya sa nake shakka. Kafin Juma'ar dai ka kama kanka."

Ɗantala na sa takalmi zai tafi, sai ya ji wani sauti daga kan titi. Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas. Baffa Bamanga ne ke tahowa a kan kekensa, zaune cas, fararen kaya fes, malafa a ka. Keken baƙi ne, irin na da mai birkin sanda, ya fi shekara talatin a hannunsa, kullum a goge. Sarƙarsa a rufe take ruf cikin murfin ƙarfe, shi ya sa duk tsawon shekarun nan ko ɗigon mai bai taɓa taɓa wandon Baffa ba. Sai dai duk juyin feda ɗaya, ƙafar fedar tana ɗan gogar murfin ta ce ƙyas.

Ɗantala ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, idonsa ya yi haske. Nan take ya ga hanya a buɗe. Zai kashe ƙarar nan, Baffa ya yaba, Inna ta ji, Suwaibatu ta san ba ƙaramin mutum ta bari a Shamaki ba. Kafin Juma'a ta zo an gama biko, dattawa fura kawai za su sha.

Ran Laraba da hantsi ya iso da jakarsa. Baffa na zaune kan buzu a inuwar dogonyaro yana jan carbi, keke na jingine a bango. Ɗantala ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Baffa, barkanku da hutawa. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Baffa, yana kallon bishiya.

"Baffa, jiya na ji keken nan yana kuka, ban yi barci ba. Murfin sarƙa ne ya goce. In aka bar shi wata rana sarƙar za ta tsinke da ku a tsakiyar titi. A wurina aikin minti biyar ne."

Carbin ya tsaya cak. Baffa ya buɗe baki, ya tuna da wanda zai yi wa magana, ya rufe. Ya waiga inda Yuguda ya saba zama, babu kowa sai tabarma a naɗe. Ya sake duban dogonyaro kamar zai kawo masa ɗauki. Da ƙyar ya ce, "To."

Wani in ya ji wannan "to" ɗin zai tattara jakarsa ya ba da haƙuri. Ɗantala kuwa izini ya ji. Kafin ka ce kwabo ya kifa keken, tayoyi suna kallon sama.

Daura da gidan akwai rumfar Gilbert, wani Batangale mai gyaran kekuna, wanda shi ke duba keken Baffa tun yana sabo. Ya ajiye famfon da ke hannunsa ya tsallako.

"Oga Injiniya, lafiya? Me keken ya yi maka?"

"Aikin da ka kasa shekara da shekaru na zo yi."

"Noti ɗaya ne fa a ƙasa. Ko za a taɓa, rabin juyi ne, shi ke nan. Kuma ma..."

"Rabin juyi! Ka ji masu faci. Malam, ni ba na gyaran sama-sama, tun daga tushe nake kamawa. Matsa, kana tare mini haske."

Gilbert ya dubi mai keke. Mai keke yana duban bishiya. Tun da wanda ke da abu bai ce a hana ba, Gilbert ya ja benci ya zauna kallo, masu wucewa ma suka fara tsayawa.

Ƙananan noti huɗu ne ke riƙe da murfin. Sifana ta ƙi kamawa, sai Ɗantala ya sa filaya ya murɗe su da ƙarfin tsiya. Da suka fita sai ya zuba su a baki, don ya taɓa ganin kafintoci na yin haka da ƙusa. Abin da bai lura da shi ba, kafintoci in sun sa ƙusa a baki shiru suke yi. Shi kuwa ga jama'a sun taru, ina zai iya?

"Wata rana a Kano," ya fara, baki cike, "aka kawo mini wata tirela, injiniyoyi goma sha biyu sun..." Sai ya yi wani irin haɗiya, idonsa ya fito. Ya tofa a tafin hannu. Noti uku.

"Ina na huɗun?" in ji Gilbert.

"Na adana shi."

"A ina?"

"Inda ba zai ɓata ba."

Aka kwashe da dariya, har wani mai rake ya ce a kawo wa Injiniya ruwa ya kora. Ɗantala ya murtuke, ya ce dama notin ya tsufa, waya ta fi shi aminci. Ya mayar da murfi, ya ɗaure kusurwa ɗaya da waya, ya juya feda da hannu. Ƙyas ta tafi kam. Abin da ya maye gurbinta shi ne gwarrr, gwarrr, tun daga farkon juyi har ƙarshensa.

"Yauwa, ciwon ya fito fili," in ji shi. Ya ɗauko guduma.

Duk bugu ɗaya sai kafaɗar Baffa ta motsa. Murfin da ya shekara talatin sumul ya koma duk lotsawa, fentinsa na zuba. Da ƙarar ta ƙi tafiya, Ɗantala ya ce ƙishirwa ce ke damun sarƙa, ya zaro kwalbar baƙin mai daga jaka ya tuttule ta kaf ta ɗan ramin zuba mai da ke saman murfin.

Da la'asar Baffa ya hau kekensa zuwa masallaci, don bai san yadda zai ƙi hawa a gaban suruki ba. Unguwa gaba ɗaya ta ji tafiyarsa, ta kuma ji dawowarsa. Ya sauka, ƙafar wandonsa ta dama baƙa ƙirin har gwiwa.

Ɗantala ya durƙusa. "Baffa, yaya kuka ji shi?"

Baffa ya daɗe yana kallon dogonyaro. "Madalla," in ji shi, ya shige gida.

Da Ɗantala ya koma majalisa a Shamaki ba a ji ta kowa ba sai tasa. "Dattijon nan fa ba ya yabon mutum. Amma yau da bakinsa ya ce madalla. Saura ƙiris ya yi hawaye." Wannan ƙarshen kam gaskiya ne.

Ran Alhamis ya dawo da sabon shiri. Ya ce ya kwana yana nazari, ya gano murfin ne ya yi wa sarƙa kaɗan, sai an buɗa mata ta sha iska. Ya sa almakashin kwano zai rage gefe. Tsohon ƙarfen da ya sha guduma jiya bai jira an gama ba, ya tsage biyu, rabi a hannunsa rabi a ƙasa.

Gilbert ya dafe kai. "Wayyo! Ka san irin murfin nan ko a babbar kasuwa babu shi yanzu? Kuma bari in gaya maka abin da ka hana ni faɗa jiya. Ƙarar nan da gangan aka bar ta. Shekara takwas da suka wuce na ce zan ɗaure notin, Baffa ya ce in bari. Ba ya son buga ƙararrawa, wai kamar yana yi wa mutane tsawa ne. Da ƙyas ɗin nan ake kauce masa a hanya, da ita matan gida ke sanin ya iso su kimtsa."

Ɗantala ya dubi rabin murfin da ke hannunsa. Da Allah ya so shi da rahama da nan ya tsaya. Amma ya duba ya ga mutane na kallonsa, sai ya ce, "Hassada dai ba ta da kyau, Gilbert. Kasawarka ce za ka mayar umarnin Baffa? Ga shi nan zaune, ya ce haka?"

Baffa bai ce haka ba. Sai dai carbin na gudu kamar ana binsa.

Daga cikin zaure sai aka ji muryar mace, tana magana da bango amma da ƙarfi. "Inna, wasu dai ba sa gajiya da ɓarna. An gama da na ɗiya, an dawo kan na uba."

Suwaibatu ce. Mai yaji ba ta yi wa miji magana, shi ya sa ta bi ta wurin Inna, Inna kuwa ko za a yanka ta ba za ta isar wa suruki ba. Daɗi ya kama Ɗantala. Kwana goma sha ɗaya bai ji muryar nan ba. Abin da ta faɗa bai shiga kunnensa ba sam, ya dai ji ta leƙo tana kallon aikinsa.

"Ku ba ni awa ɗaya," ya ce wa jama'a. "Yau za ku ga murfin da ba a taɓa yin irinsa a Gombe ba."

Ya hau acaɓa zuwa Shamaki, ya ɓalle allon kwanon da ke saman shagonsa, ya dawo da shi a ka. Ya shimfiɗa a ƙasa ya yanka, ya lanƙwasa a gwiwa, ya huda da ƙusa. Da ya zo ɗaurawa sai wata siririyar sanda da ta bi ta ƙarƙashin keken ta tokare. Ya ja, ya murɗa, ya ɓalle ta ya jefa jaka.

"Kai! Sandar birkin baya ce wannan!" in ji Gilbert.

"Birki biyu a keke ɗaya almubazzaranci ne. Ga na gaba nan."

"Na gaban ai tun..."

"Gilbert, don Allah ka je ka yi facinka."

Kafin magariba aka gama. Sabon murfi ya fito faffaɗa, ya kusa taɓa ƙasa, bakinsa na sama a wage, gefensa da kaifi kamar aska, an ɗaure shi da waya ta wuri shida. A jikinsa ga jan rubutu ɓaro-ɓaro, INJINIYA, sauran sunan yana cikin tarkacen da aka zubar. Ɗantala ya ja da baya yana kallo, hannu a ƙugu, ya ce kada kowa ya hau sai gobe, gaban dattawa za a buɗe shi.

Ran Juma'a, karo na farko cikin shekara talatin, Baffa Bamanga ya tafi masallaci da ƙafa. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tambaya, "Baffa, ina keke?" Shi kuma ya ce, "Yana hutawa."

Bayan an sauko aka shimfiɗa tabarmi a gindin dogonyaro. Dattawa shida suka zauna, har da liman, aka kawo ƙwaryar fura da nono aka ajiye a tsakiya. Yuguda, da saukarsa ke nan daga ruga, ya hango abin da ke jingine a bango, ya zagaya shi sau biyu, ya dubi yayansa. Baffa ya sunkuyar da kai.

Sai ga Ɗantala cikin babbar riga ta shadda da ya aro wurin maƙwabcinsa, ta yi masa yawa har tana share ƙasa, wando ma haka. Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Yuguda ya gyara murya zai buɗe taro.

"Baffa Yuguda, a gafarce ni," in ji Ɗantala. "Kafin a ce komai, a fara ganin aiki. Ana cewa ina ɓata kaya. To yau ido zai raba gardama. Murfin nan na yi shi ne musamman don masu manyan kaya. Ko da alkyabba ka hau, sarƙa ba za ta san ka hau ba."

"Ɗantala, zauna," in ji Yuguda.

"Minti biyu kawai."

Titin gidan Baffa gangare ne, daga sama yake saukowa ya miƙe tsaf zuwa bakin zaure kafin ya karkata. Ɗantala ya tura keken har can sama, ya haye, ya baza riga. Gilbert ya fito daga rumfa yana ɗaga hannu biyu yana kiran, "Birki! Babu birki!" Ɗantala ya ɗauka jinjina ce, ya ɗaga masa hannu shi ma.

Farkon gangarowa abin gwanin sha'awa, iska ta cika riga, kwano na ta ƙara kamar ana kiɗan garwa. Sai gefen rigar ya faɗa wagegen bakin murfin. Murfin da aka yi don ya kare tufa daga sarƙa, shi ya zama mazurari yana ɗura mata. Ɗantala ya ji ana jansa ta dama. Maimakon ya daina taka feda sai ya ƙara wuta, wai ya ƙwace. Sarƙa ta gama da gefen riga ta kama ƙafar wando, ta naɗe, ta naɗe, zariya ta ce ɗas.

Ya damƙe birkin baya, hannun birkin ya tafi salamun-salamun babu abin da ya riƙe. Ya damƙe na gaba, wanda ya mutu tun Suwaibatu na goye.

"A kauce! Jama'a a kauce! Innalillahi!"

Dattawan da in za su miƙe sai sun dafa ƙasa sun kira sunan Allah, ran nan ba a ga wanda ya dafa komai ba. Keke ya bi ta kan tabarma, ya ɗauki ƙwaryar fura ya watsa wa liman a gemu, ya faɗa zaure, ya fita ta ɗaya ƙofar, sai tsakar gida. Can ya ci karo da turmi, aka ji rugum, kaji suka tashi sama.

Da ƙura ta lafa, ga Ɗantala kwance rigingine, keke a kansa, taya na juyawa. Rabin riga na cikin sarƙa. Wando ya sauka har idon sawu ya naɗe a haƙoran ƙarfe, sai ɗan gajeren wando mai zanen furanni ya rage ya rufa masa asiri. Taku uku daga inda ya faɗi, Inna Asta ce zaune tana tankaɗe, matar da shekara bakwai ba ta yarda ya ga ko gefen fuskarta ba. Ta yi salati, ta kifa faifai a fuska.

Dattawa suka rugo ciki don ceto. Suna ganin halin da surukin gidan ke ciki, sai duk suka juya baya a tare, suka jeru suna kallon katanga.

"A taimaka! Ƙafata!" in ji Ɗantala.

"Sannu," in ji Yuguda, yana fuskantar bango. "Sannu ƙwarai."

"Baffa Yuguda, a ɗaga mini keken mana!"

"To ai sai an duba za a ɗaga, ɗana. Wa zai duba?"

Babu mai dubawa. Gilbert kuwa ba ya shiga cikin gidan, yana zaure ya riƙe ciki, dariya ta hana shi numfashi. Ɗantala ya kwanta yana kallon sama, ya tabbata yau ya rasa matarsa har abada, kuma a karo na farko a rayuwarsa ya nemi abin faɗa ya rasa.

Sai ya ji an jefa masa zane a jiki. Suwaibatu ce tsaye a kansa da almakashin ɗinki. Ta durƙusa ta fara yanke wandon daga sarƙa, fuska a ɗaure.

"Ka ji ciwo?"

"Ko kaɗan. Gwaji nake yi."

"Gwajin me?"

"Ƙarfin turmin."

Ta cije leɓe, ta kau da kai, kafaɗunta na rawa. Ta dai ƙi bari ya ga dariyar. Da ta gama ta ce, "Ɗaura zanen ka fita, ka ishe mu da abin kunya."

Aka koma gindin dogonyaro, liman na share gemu. Ɗantala ya fito ɗaure da zanen atamfa, rabin riga a kafaɗa, yana ɗingishi, ya durƙusa. Aka kira Suwaibatu ta tsaya daga bakin zaure. Yuguda ya tambaye ta ko za ta koma.

"Baffa Yuguda, ku da kanku kun gani," in ji ta. "Ni ba ƙinsa nake ba. Amma da wannan halin, gara in ƙara wata guda a gida ko zai yi hankali."

Jin ba ƙinsa take ba, sai ran Ɗantala ya dawo, bakinsa ma ya dawo tare da shi.

"Na yarda! Wata guda ba komai ba ne. Kullum da safe zan riƙa zuwa gaisuwa da jakata, ba zan zauna haka kawai ba. Keken nan kuskure kaɗan ne, gobe zan ƙarasa shi. Ina kwance a ciki na hango keken ɗinkin Inna, ɗan gyara yake so. Rediyon Baffa ma na ji yana shaƙewa. Kai, har tabaran da ke idon Baffa na lura ƙafarsa ɗaya ta karkace, a ba ni shi yanzu ma in..."

Baffa Bamanga ya dafe tabaransa da hannu biyu. Ya miƙe tsaye. Ya juyo ya dubi Ɗantala ido cikin ido, har sai da dattawa suka razana. Sannan ya ɗaga murya yadda ba a taɓa jin ya ɗaga ba.

"Suwaibatu!"

Tsakar gida aka ji faifan Inna ya faɗi. Suwaibatu kanta sai da ta waiga ta ga ko wata ake kira.

"Ɗauko kayanki ki bi mijinki. Yau. Yanzu. Kada la'asar ta same ku a unguwar nan."

"Baffa, firjina fa?"

"Yuguda, gobe ka kai jan bijimin nan kasuwa, a saya mata sabo." Muryarsa ta karye a kan bijimin, don tun yana ɗan maraƙi yake ji da shi, amma bai janye ba. "A kai mata can. Can Shamaki. Kome za a yi, a yi shi a can."

Ba a yi rabin awa ba aka tsayar da Keke Napep, aka loda kayanta. Gilbert ya fito da gawar keken Baffa a kafaɗa zai tsallaka da ita rumfarsa. Ɗantala ya leƙo daga cikin Napep, zane a ƙugu, fura a hula.

"Gilbert, ka ga aiki? Wani sai ya yi wata uku yana biko. Ni kwana uku, har da ribar firji." Ya juya wurin matarsa, ya sassauta murya. "Uwargida, in an kawo sabon, kada a kunna sai na duba shi. Kamfanonin nan ba su iya ɗaure noti ba."

Suwaibatu ta janye jakar buhun daga cinyarsa, ta ɗaga ta zauna a kanta.

"Ka taɓa shi ka gani," in ji ta. "Wannan karon kai za ka yi yajin, ni ina ɗakina. Kuma babu mai zuwa bikonka."